Daren kallon taurari a unguwa: inda masu shiryawa ke tafka kuskure

Ƴan uwa masu son shirya daren kallon sama a lakwal ko a fada, ko ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son fitowa da abin cikin gari, wallahi niyyar tana da kyau, amma sau da yawa tun wajen sa rana ake ɓata lamarin. Sai ka ga an zauna an duba ranar da babban baƙo ke da sarari, ba a duba sama ba. To ita sama ba ruwanta da baƙonka. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo na iya rufe komai sai ka ga wata kawai yana ja-ja. Ni dai a ganina Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi a nan Maradi, ruwa ya wanke ƙura, hunturu bai kankama ba, sai dai sauro fa, ku gaya ma mutane su zo da riga mai dogon hannu.

Sannan maganar wata. Mutane na ɗauka daren sha huɗu shi ne daidai tunda wata ya cika, alhali ranar ce mafi muni, haskensa na kashe ƙananan taurari, shi kansa kuma in ka sa shi a madubin hangen nesa fari fat za ka gani har ido ya yi zafi. Ku nemi daren 6 zuwa 9 ga watan musulunci, lokacin rana na haska shi ta gefe, ramuka da duwatsunsa na fitowa da inuwarsu daidai kan iyakar haske da duhu, nan ne yaro zai leƙa ya ce kai! In taurari kuke so su fito tsaf kuma, ƙarshen wata, kuma ku ɗan fita daga fitilun gari, wajen Jiratawa ko Tibiri ma ya isa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne jawabi. A tara yara, a kafa lasifika, wannan ya yi gaisuwa wancan ya yi godiya, malami ya kawo bayani da faransanci na awa guda, kafin a gama Zara ta faɗi yara sun yi barci. Ku fara nuna masu abin tukun, da Hausa, daga abin da suka sani. Kowa ya san Zara matar wata, kowa ya ji Gamzaki na asuba, to ka gaya masu ai abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, wani lokaci ta fito da yamma wani lokaci da asuba, ka ga gardama ta tashi, ai ita ake nema. Ka nuna masu Kaza da ƴaƴanta ka ce kowa ya ƙirga nawa yake gani. In Mushtari, wato duniyar Jupiter, na sama, ko da jumel (madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu) mai kyau aka kafe ta kan wani abu kar ta yi rawa, ana iya hango watanninsa huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Ba sai an jira na'urar miliyoyin sefa ba, akwai manhajar Stellarium kyauta a waya, za ta gaya maka me ke sama yau.

Amma wayar ma matsala ce, ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, mutum ɗaya ya kunna tocila ya haske fuskoki shikenan an koma baya. A ɗaura jan leda a bakin tocilar. Kuma a sa mutum ɗaya kusa da na'urar, don duniya na juyawa, cikin minti ɗaya zuwa biyu abin da aka saita ya fice, na goma a layi baƙi kawai zai gani kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba.

Kar ku tsallake mai unguwa da liman. In ba ku yi masu bayani ba wani zai ce duba ake yi ko bokanci, alhali lissafin da ke bayan ganin watan azumi ne kuke nunawa. Ku gayyace su su fara leƙawa. Lokaci kuma tsakanin magariba da isha'i, in ba haka ba ƴan mata ba za a bar su su zo ba, sai ku tashi da maza zalla.

Na ƙarshe ba wasa ba ne, rana. Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijar sun san yadda kowa ke ɗaga kai, kuma akwai wani ranar 2 ga Agusta 2027, a Masar zai cika, mu wani sashe za mu samu. Baƙin gilashi, fim ɗin hoton asibiti, kwalbar da aka yi ma hayaƙi, duk ba su kare ido, jumel kuwa makanta ce kai tsaye. In babu tabarau na musamman na husufi, a huda kwali da allura a juya ma rana baya a kalli hotonta a ƙasa, ko a tsaya gindin bedi a duba hasken da ke ratsowa tsakanin ganye, kowane ɗigo zai koma siffar jinjirin wata.