Kafin ka kira a zuba wa mukayyif gas

Da watan Mayu ya kama, daga Sharar Mansur har Misfala a nan Makka magana ɗaya nake ji a waya daga masu mukayyif, wato AC: "Malam, mukayyif ya daina sanyi, zo ka zuba masa gas." Galibi in na je, gas ɗin na nan lafiya lau. Shi gas a rufe yake zagayawa cikin bututun jan ƙarfe, ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma duk mai gyaran da ya ƙara maka bai nemo wurin ya liƙe ba, ku yi sallama da kyau, domin kun kusa sake haɗuwa.

Aikin mukayyif shi ne kwashe zafin ɗaki ya fitar da shi waje. Kwamfireso ke matse gas har ya yi zafi, ya tura shi cikin ragar waje, wato kwandensa, fanka ta kore zafin, gas ya koma ruwa. Daga nan ya ratsa wani siririn bututu, matsin ya sauka, ya yi sanyi ƙarara, ya shiga ragar ciki. Fankar ciki ta zuƙo iskar ɗaki ta bi ta kan ragar, ta fito da sanyi. A mukayyif na taga duka suna cikin akwati ɗaya, a sibilit rabi na ɗaki rabi na waje.

Fara da matata, wannan ragar roba da ke bayan murfin gaba. Zare ta, wanke da ruwa, shanya a inuwa. Lokacin ƙura duk mako biyu. In ta toshe iska ba ta wucewa, sai ragar ciki ta yi ƙanƙara, mai gida ya rantse gas ne. In ka ga ƙanƙarar, kashe sanyi ka bar fanka kaɗai har ta narke. Sai ƙanƙarar ta dawo alhali matatar na da tsabta za a fara zancen yoyo.

Sai ragar waje, wadda ba mai leƙa ta. A Makka ƙura da tattabaru ke gamawa da ita. Na sha buɗe akwati in tarar da sheƙa, gashi da kashin tsuntsu sun manne a jikin ragar, kwamfireso ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Harami, to ina ga injin da aka toshe masa hanyar fitar da nasa zafin? Kashe wuta daga babban makunni, ka wanke ragar da ruwa marar ƙarfi, don siraran farantan nan na alminiyam saurin lanƙwashewa gare su. Kada kuma a jibga katifa ko kwalaye a gabanta. Mutanen Jidda su fi yawaita wanki, iskar teku na cin ragar.

In ka ji injin waje na gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru, kwamfireso bai tashi ba, fara zargin kafasita. Ɗan gwangwani ne da ke taimaka masa tashi, in ya mutu sau da yawa kansa kan kumbura. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfireso ba, saboda haka a nuna maka shi kafin a ce babban ne ya ƙone. Amma kada ka sa hannu, yana riƙe wuta ko an kashe.

Ruwa na ɗiga a bango? Bututun magudana ne ya toshe, a busa shi. In ka kashe mukayyif kuma, jira minti 3 kafin ka sake kunnawa.

Hajiya, sa rimot a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfireso hutu kawai yake yi. Bar shi a 24. Wutar gida halala 18 ce kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30.

Wajen saye duba BTU, wato ma'aunin ƙarfin sanyinsa: 12,000 shi ne tan ɗaya, ɗakunanmu galibi 18,000 ko 24,000 ake sa musu. Nemi mai alamar T3, shi aka ƙera don ƙasashe masu tsananin zafi. Mazauna Ɗa'ifa, Madina ko Tabuka su ɗauki mai zafi da sanyi: wani wayar hita ce a cikinsa, wani kuma bawul ne ke juya tafiyar gas, ragar ciki ta koma ɗumama ɗaki. Mukayyif sahrawi mai famfo da jiƙaƙƙiyar ciyawa na busasshiyar iska ne irin ta Riyad, a Jidda danshi kawai zai ƙara maka. Mai shirin aika mukayyif Kano kuwa ya karanta takardar jikinsa tukuna, wutar nan 60Hz ce, ta gida 50.