Yadda za ka kalli zanen Turawa na da daga wayarka, ba biza ba jirgi

Wani ƙanena da ke koyon zane nan Birnin Kebbi ya tambaye ni, wai Yaya ta ina mutum zai fara in yana son ganin zanen Turawa na asali, na ce mishi wayarka ta isa in dai ka sa data mai ɗan auki, ko ka bari sai dare sanda netwok ke zama lafiya.

Ka shiga shafin National Gallery, gidan ajiye zane-zane na Landan. An kafa gidan a 1824, zane sama da 2,300 ne a ciki, daga wajen 1250 har zuwa 1900. Don Allah kada ka yi ta shafa waya kamar kana Facebook, kanka ne zai ɗauki zafi ba ka ga komi ba. Zaɓi huɗu ko biyar ka bi su ƙarni bayan ƙarni.

Fara da tsofaffin na Italiya, za ka ga bayan mutanen duk ruwan zinare ne, hoton a shafe ba zurfi. Da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa launi, ita kuwa nan take take bushewa. Shuɗin nan mai kyau da ke jikin mayafi daga wani dutse ne da ake haƙowa a Afganistan, tsada gare shi sosai shi ya sa ba ko'ina ake sa shi ba.

Daga nan rubuta Arnolfini, na Jan van Eyck, 1434. Nan nake so ka zauna. Miji da mata ne tsaye a ɗaki, ga ɗan kare a ƙafarsu, ga lemo kusa da taga, ga takalman katako an cire. To ka buɗa hoton da yatsu biyu ka nufi madubin da ke bango, wallahi ranar da na fara gani sai da na kira mutanen gida, don ɗakin gaba ɗaya yana cikin wannan ɗan madubi har da wasu mutum biyu a bakin ƙofa, sama da shi kuma mai zanen ya rubuta sunanshi a bango. Fentin mai ne ya ba shi wannan dama, yana jinkirin bushewa, sai ka yi ta ɗora launi siriri kan wani.

Sai The Ambassadors na Holbein, 1533, wasu maza biyu ne tsaye a gefen tebur. Akwai wani abu dogo a karkace a ƙasa, ka karkata wayar ka leƙa daga gefen dama, ƙoƙon kan mutum ne zai fito. Dardumar da ke kan teburin irin ta ƙasar Turkiyya ce. In kana son ganin rawani ka nemo Sultan Mehmet na biyu, sarkin Turkawa, da Gentile Bellini ya zana a 1480.

Ka ƙare da furannin Van Gogh na 1888, fentin da kauri har kana ganin sawun buroshi. Lokacin an riga an ƙirƙiro fenti na cikin bututu tun 1841, masu zane sun fara fita daji da kayansu.

Abu ɗaya, akwai zanen tsiraici da yawa a irin gidajen nan, don haka in da yara kusa ka riƙa rubuta sunan wanda kake nema kai tsaye. Ƙanen nawa dai na sa shi ya ɗauki fensir ya kwaikwayi hannun matar Arnolfini kawai, sati guda kenan yana kai.