Yadda ake allurar gwiwa ga mai amosanin gaɓɓai

Wannan allura ta kotizon ce, maganin rage kumburi, kuma cikin gaɓar kanta ake zuba ta, ba a tsoka ba, don haka aikin likita ne. A Yamai a nufi babban asibitin ƙasa ko likitan ƙashi. Kada a sayo Kenacort (sunan maganin a kasuwa) a farmasi a miƙa wa mai allurar unguwa.

Da farko likita zai duba gwiwar, sau da yawa da hoton ƙashi. A faɗa masa in akwai ciwon suga, sikila, ko ana shan maganin tsinka jini. Mai zazzaɓi ko ƙurji kusa da gaɓar, sai ya warke tukuna.

Majinyaci ya kwanta rigingine, gwiwa a miƙe ko a ɗan lanƙwashe. A goge fata da Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bari ta bushe, sannan a soka allura ta gefen waje, ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. In gaɓar ta tara ruwa, a fara zuƙe shi a duba. Ruwa garau mai ɗorawa-ɗorawa ba matsala. In ya fito gurɓatacce kamar mugunya, a dakata, a aika shi gwaji, domin kotizon yana danne garkuwar jiki, ƙwayar cuta kuwa ta samu sarari ta cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki. In ruwan lafiya, a zuba miligiram 40 na triamcinolone, wato kotizon ɗin da ke cikin Kenacort, yawanci haɗe da lidocaïne mai kashe zafi. Maganin ya shige ba turjiya. In ya cije, bakin allurar ba ya cikin gaɓa, a gyara. Maganin da ya tsiyaya ƙarƙashin fata yakan bar farin tabo, kuma a baƙar fata tabon ya fi fitowa.

A huta awa 24 zuwa 48: ba doguwar tafiya, ba ɗaukar kaya, sallah ma a zaune. Ciwon kan ɗan tashi a kwana na farko ko na biyu, ƙanƙara cikin tsumma ta isa. Amma gwiwa mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, a koma asibiti ranar nan. Masu ciwon suga su riƙa gwadawa har mako guda, domin yakan hau.

Sauƙin yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye. A bar aƙalla wata 3 tsakanin allura biyu a gaɓa ɗaya, kada a wuce 3 ko 4 a shekara. In ta biyu ba ta yi komai ba, a tattauna wata hanyar da likita.