Kurakuran da aka fi yi wajen auna hasken atom mai miyuwon

Miyuwon ɗan'uwan ilektiron ne, cajinsu ɗaya, sai dai ya fi shi nauyi sau 207, kuma ransa gajere ne, maikurosakan 2.2 kacal (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Idan aka tsayar da shi cikin iskar haidirojin, yakan ture ilektiron ya gaje gurbinsa, ya riƙa kewaya furoton, wato cibiyar atom ɗin haidirojin, dab da dab. Kusancin nan ne ke sa girman cibiyar atom ya bayyana a matakan makamashi, kuma tun 1953 Fitch da Rainwater suka fara auna cibiyoyi ta wannan hanya a Jami'ar Columbia. Mafi yawan kurakuran aikin tushensu ɗaya ne: a ɗauko abin da aka saba da shi a haidirojin na yau da kullum a ɗora wa wannan.

Na farko ma a suna yake. Miyuwoniyom daban, haidirojin mai miyuwon daban. A miyuwoniyom, miyuwon mai caji irin na furoton shi ne cibiya, ilektiron na kewaya shi, babu furoton balle a auna girmansa.

Sai lissafin nauyi. Da yawa sukan ninka komai da 207 su wuce. Ai furoton bai fi miyuwon nauyi da ko sau 9 ba, don haka ba a tsaye yake cak ba, shi ma yana rangaji. Nauyin da ake sa wa a lissafi shi ne na haɗin gwiwa: a ninka nauyin biyun, a raba da jimillarsu, a sami kimanin 186. Wanda ya yi amfani da 207 zai jira hasken eksire da miyuwon ke fitarwa idan ya faɗo daga matakin makamashi na 2P zuwa na can ƙasa, 1S, a 2.1 keV (keV ma'aunin makamashi ne), alhali a 1.9 keV yake fitowa. Tasirin girman furoton kuwa da nauyin nan sau uku a jere yake tafiya, 186 sau 186 sau 186, wato sama da miliyan 6, don haka kuskuren zai kumbura ya kai kusan kashi 38 cikin 100.

Haka ma jerin matakan ya juye. A haidirojin na kullum, 2S na saman 2P na ƙasa da ɗan kaɗan. A mai miyuwon, 2S ne a ƙasa, da tazarar sama da 200 meV (meV kashi ɗaya ne cikin miliyan na keV). Dalili shi ne tagwayen ilektiron da fozitiron (kishiyar ilektiron mai caji irin na furoton) da ke ɓullowa su ɓace a kewayen furoton suna yi wa cajinsa lulluɓi mai kaurin kusan femtomita 386 (femtomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na milimita), miyuwon kuma yana yawo a tazarar femtomita 285, a cikin lulluɓin ke nan. Wannan kaɗai ya ba da 205 meV. Rabon girman furoton 3.7 meV ne, bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma shi ake farauta.

Iska da lokaci

A nan aka fi shan wuya. Hankali zai ba mutum cewa ya ƙara matsin iska don miyuwon da yawa su tsaya. To, cikin kowane ɗari da suka tsaya, 99 sukan gangara 1S nan take, ɗaya tak ke maƙalewa a 2S, kuma shi leza ke nema, ta ɗaga shi zuwa 2P, daga nan ya faɗo 1S ya fitar da eksire mai 1.9 keV. In iska ta yi kauri, karo da sauran ƙwayoyin haidirojin zai kakkaɓo shi kafin leza ta iso. A Cibiyar Paul Scherrer da ke Villigen a Suwizalan, ƙungiyar CREMA ta yi aiki da miliba 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar da muke shaƙa. Ko a hakan, 2S maikurosakan 1 yake yi.

Iska mai sirantaka haka ba ta tsayar da miyuwon mai gudu. Dole a rage masa ƙarfi zuwa 'yan keV kafin ya shiga, a riƙe shi da maganaɗisu mai tesla 5 don kada ya bazu. Kuma a can miyuwon ba ya zuwa da alƙawari, ɗaya-ɗaya yake faɗowa a lokacin da ya ga dama. Shigarsa ce ke tayar da leza, ita kuma ta harba cikin maikurosakan 0.9. Lezar da ke buƙatar maikurosakan 3 ta shirya, komai kyanta, gawa za ta tarar.

Wajen ƙirga kuma, a kan layin ma, wato daidai kaɗawar hasken da ke ɗaga miyuwon zuwa 2P, abin da ake samu bai kai goma a awa ba, don haka tarkace kaɗan ya isa ya binne shi. Abu uku ake yi. A karɓi eksire mai 1.9 keV da ya zo daidai lokacin da hasken leza ke cikin akwatin iskar kawai. A nemi ilektiron ɗin da miyuwon ke fitarwa idan ya mutu ya biyo baya, in bai biyo ba a watsar. A kuma zubar da duk karon da miyuwon na biyu ya kutso. Bayan haka a raba adadin da aka samu da adadin eksiren nan-take, wato na waɗanda suka gangara 1S tun farko, in ba haka ba duk ranar da injin ya yi rowar miyuwon sai a ga kamar layi ya ɓace.

Tsabtar iska ba abin wasa ba ce. Furoton da miyuwonsa ƙanana ne, ba su da caji a haɗe, sukan kutsa cikin kowane atom kamar nutiron. Da sun haɗu da oksijin ko naitirojin, miyuwon sai ya yi ƙaura zuwa cibiyar da ta fi caji. Alamar ita ce eksire a makamashin da ba na haidirojin ba. Magani: a gasa akwatin a zuƙe shi tukuna, a tace iskar, a bar ta tana gudana. Abin sha'awa, gwajin muX a Cibiyar Paul Scherrer ya mai da wannan cuta magani: haidirojin mai matsi kusan sau 100 na iskar da muke shaƙa da ɗigon diyuteriyom (haidirojin mai nauyi) kashi 0.25 cikin 100 ne ke kai miyuwon kan samfurin da bai wuce 'yan maikurogiram ba.

Neman layi a inda aka ce yake

A 2003 da 2007 an nema ba a ga komai ba. Sai a 2009 layin ya bayyana, kimanin 75 GHz (ma'aunin kaɗawar haske) daga inda girman furoton da aka yarda da shi a lokacin, femtomita 0.877, ya nuna. Faɗin layin kusan 19 GHz ne, tazarar ta kai faɗinsa huɗu ke nan. Sakamakon da aka buga a 2010 shi ne 0.84184, na 2013 kuma 0.84087. Wanda zai tsara bincike kada ya ɗaure kansa da kuskuren da ka'ida ta yi wa kanta alƙawari, ya buɗa fagen nema sau da yawa fiye da haka, kuma kafin ya zargi leza ya tambayi kansa ko a wurin da ya dace yake lalube.

Ita ma lezar, a auna ta a inda take aiki. Hasken maikuromita 6 da ake buƙata daga na nanomita 708 ake samo shi, bayan ya yi tsalle uku a bututun Raman mai haidirojin, inda kowane tsalle ke rage masa makamashi. Kuskure ne a auna na 708 a debe tsallen a takarda, domin tsallen yana motsi da matsin bututun, hasken walƙiya kuma kaɗawarsa kan zame a tsakiyar harbi. Layukan da tururin ruwa ke shanyewa a maikuromita 6 sanannu ne sosai, da su ake gwadawa kai tsaye.

Daga kaɗawa zuwa girma

Leza ba ta auna girman cibiya. Tazarar makamashi take bayarwa, ka'ida ce ke fitar da girma, kuma cibiya ba dutse ba ce: miyuwon na jan ta, tana lanƙwasa. A hiliyom-4, sakamakon 2021 ya ba da femtomita 1.67824, kuskuren awo 0.00013, na ka'ida 0.00082. Wanda ya kawo na farko ya bar na biyu ya yi wa kansa ƙarin daraja sau shida. A kuma lura da wane girma ake magana: na caji daban, na Zemach da ake cirowa daga tsagewar matakai saboda maganaɗisun furoton daban, shi 1.082 aka samu a 2013. Haka nan lambar Rydberg, wadda ake lissafa matakan makamashin haidirojin da ita, a ɗaure take da girman furoton. Ba a haɗa sabon girma da lambar Rydberg ta 2010 ta CODATA, kwamitin duniya mai tsayar da irin waɗannan lambobi. A jerin 2018 ne girman furoton ya koma 0.8414.

A manyan atom kamar dalma, lissafin da ke ɗaukar girman cibiya a matsayin ƙaramin gyara ya rushe gaba ɗaya, domin miyuwon na 1S yana shafe lokaci mai yawa a cikin cibiyar kanta. Sai an warware lissafin Dirac, mai bayyana motsin miyuwon, da siffar cajin cibiyar a ciki, abin da ke fita da tabbaci kuma wani ma'aunin girman cibiya ne da ake kira girman Barrett. Cibiya na haɗiye miyuwon cikin kimanin nanosakan 75, don haka tagar lokacin haidirojin ba ta da amfani a nan. Eksiren 2P zuwa 1S kusan 6 MeV yake (MeV ɗaya keV 1000 ne), kobalt-60 da aka saba daidaita na'urar jamaniyom mai auna eksire da shi kuwa a 1.33 MeV ya tsaya. Miƙa layin daidaitawa daga can zuwa 6 caca ce. A sa dalma-208 a gefen samfurin, a riƙa ɗaukar layukanta tare da na samfurin a zama ɗaya.