Yadda Ake Ɗaukar Hoto Cikin Ƙarancin Haske Da Kuma Daf Da Abu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire a titin Bauchi da ke Jos bayan sallar isha'i ya san kyan wurin: garwashi ja-wur, hayaƙi na tashi, ƙwan lantarki ɗaya tal a sama. Amma da ka danna kyamara sai hoton ya fito dishi-dishi. Na daɗe ina ɗora wa duhu laifi, ashe rawar hannuna ce.

Da farko ka yi sallama, ka nemi izini: "Malam, sannu da aiki, ko zan iya ɗauka?" Sannan ka kashe filasha. Hasken garwashin ka zo ɗauka, ita kuwa filasha wanke shi take, ta bar fuskar mutum fari fat.

Sai ka murɗa maɓallin saman kyamara zuwa A, a Canon kuwa Av aka rubuta; a wannan saitin kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin idon kyamara, ita kuma ta daidaita sauri. Buɗe ƙofar haske iya buɗuwarta, wato ka zaɓi lambar f mafi ƙanƙanta. Idon kyamara mai 50mm da ke kaiwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6, kuma yana cikin mafi araha.

Yanzu dubi saurin ƙyaftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, don nan gizo ke saƙar. Da 50mm a hannu, kada ka bari saurin ya sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa. In mai tsiren yana juya nama ko barbaɗa yaji, sai 1/125 ko mafi sauri. Idan kyamara ta kasa kaiwa, ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 1600, ko 3200 ma. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma ana rage wannan a kwamfuta, musamman in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton da ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Manna gwiwar hannunka a ƙirji, jingina da bango, ka riƙe numfashi. In abin ba ya motsi, ɗora kyamarar a kan maɗorinta mai ƙafa uku ko ƙullin shinkafa, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2.

Hoton daf da abu kuma, tafi kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da ruwa ke kwance a jikin tumatir da latas. A nan lissafin ya juya. Da ka matso sosai, wurin da ke fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba, don haka tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11. Irin idon 50mm ɗin nan ba ya kama abin da ya fi kusa da santimita 35 zuwa 45. In kana son wuce haka, sai idon makro, wanda aka yi don ɗaukar abu daf da daf, ko zoben da ake sawa tsakanin ido da jikin kyamara. Mayar da saitin fokas, wato na fito da abu tar, zuwa na hannu, ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali har ɗigon ruwan ya fito ras, sannan ka danna. Farar takarda a gefen inuwa tana mayar da haske kan tumatirin.

In hunturu ya shigo, kada ka canza ido a fili saboda ƙura, kuma ka ajiye batir na biyu a aljihun ciki, don sanyin Jos na saurin shanye caji.