Haɗa Ƙwayoyin Cakulan a Gida: Shawara ga Sababbin Zuwa Amurka da Ingila

Duk wanda ya sauka a Amurka, Kanada ko Ingila tare da iyali, ba zai daɗe ba yaransa za su dawo daga makaranta suna neman biskit ɗin nan mai ƙananan ƙwayoyin cakulan a jikinsa. Shi ake miƙa wa sabon maƙwabci, shi kuma ake sayarwa idan makaranta tana tara kuɗin wani aiki. Wata mai masaukin baƙi a jihar Masacuset ta Amurka, Ruth Wakefield, ita ta fito da shi a shekarun 1930, daga baya kamfanin Nestlé ya fara sayar da ƙwayoyin a leda. Ana samun su a kowane babban kanti, don haka dole a tambaya, me zai sa mutum ya wahalar da kansa ya haɗa su a gida?

Ba don araha ba ne, gara a faɗi wannan tun da wuri. A shekarar 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, bayan da cututtuka da sauyin yanayi suka lalata amfanin gona a Kwaddibuwa da Ghana, ƙasashe biyun da suke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma tsadar ta shafi har kayan haɗin da za ku saya. Amfanin yi da hannu shi ne mutum ya san abin da ya shiga bakin 'ya'yansa. Misali, dokar Amurka ta tanadi cewa ruwan banila na asali ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa, kuma wasu kamfanoni suna zuba shi a cakulan. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin irin wannan ɗan kaɗan ɗin, sai kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma wanda ya haɗa da kansa ya huta da kokwanto, domin yana iya sa garin banila ko ya bar ta gaba ɗaya.

Kayan haɗin ba su da yawa: giram 100 na man koko, giram 60 na garin koko, giram 70 na garin sukari mai laushi, da ɗan gishiri. Mai son irin na madara sai ya rage garin kokon zuwa giram 30, ya ƙara giram 40 na madarar gari irin Nido. Ku sayi ƙaramin sikeli na kicin, domin Amurkawa da kofi suke awo, Ingila kuma da giram, kuma awon kofi ba ya tsayawa daidai idan ana batun gari.

Wurin sayayya ne sababbin zuwa suka fi ruɗewa. Yawancinmu mun san man koko a matsayin man shafawa, to wanda ake nufi a nan daban ne. Shi na ci yana zuwa a daskare, launinsa ruwan ƙwai-ƙwai, a dunƙule ko a gutsuttsure, kuma sai kun ga an rubuta a jikin ledar cewa na abinci ne kafin ku saya. Akan same shi a kantunan kayan yin burodi da kek, ko kantunan abincin lafiya, ko ta intanet. Garin kokon kuma dole ya zama tsantsa, marar sukari. Milo da Bournvita ba za su yi ba, domin an riga an cakuɗa su da sukari da madara da wasu abubuwa. Sukarin da ake buƙata shi ne wanda ake rubuta wa icing sugar a Ingila, powdered sugar kuma a Amurka. Sukarin shayi ba ya narkewa a cikin mai, zai bar muku cakulan mai ƙasa-ƙasa a baki. Wasu suna maye man koko da man kwakwa saboda ya fi araha, amma ni ban ba da wannan shawara ba, domin man kwakwa yana narkewa tun a digiri 24 a ma'aunin Salshiyos, sai ƙwayoyin su watse tun a cikin kwaɓin fulawa.

Kafin ku kunna wuta, ku tabbatar kwano da cokali da rariya sun bushe ƙarau. Ɗigon ruwa kaɗan yana jiƙa sukari da garin koko su manne da juna, sai cakulan ɗin ya cure ya ƙi zuba. Ku zuba ruwa kaɗan a tukunya, ku ɗora kwano a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, ku rage wuta sosai don kada tururi ya riƙa shiga kwanon. Idan man ya narke, sai ku tankaɗe garin koko da sukari da gishiri tare, ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kuna juyawa har ya yi sumul.

Daga nan ne aikin yake buƙatar haƙuri da ma'aunin zafi, kuma wannan mataki shi ne ya raba cakulan mai kyau da na banza. Man koko yana iya daskarewa ta siga daban-daban, amma guda ɗaya ce daga cikinsu take ba da cakulan mai sheƙi, mai karyewa ƙas, wanda ba ya narkewa da zarar an taɓa shi. Don a samu wannan siga, ana kai zafinsa digiri 45 a ma'aunin Salshiyos, a sauke kwanon a ci gaba da juyawa har ya sauko 27, sannan a mayar da shi kan tukunyar na 'yan daƙiƙu ya hau 31 ko 32, kada ya wuce. Na madara kuwa a tsaya a 29 ko 30. Waɗanda suke Amurka su lura cewa ma'auninsu na Faranhait ne, a can lambobin sun zama 113, sai 81, sai 88 zuwa 90. Idan zafin ya zarce a zagaye na ƙarshe, babu abin da ya lalace, sai dai a sake daga farko.

Idan ya fara kauri kamar zuma, ku juye shi a ledar abinci mai ƙwari, ku yanke kusurwarta kaɗan, ku riƙa ɗigawa a kan takardar gasa biskit da aka shimfiɗa a faranti. A ɗaki mai sanyi zai kama jikinsa cikin minti 20 zuwa 30.

Kada ku yi tsammanin zai yi santsin na kanti, domin masana'antu suna niƙa shi da inji na tsawon sa'o'i masu yawa. Haka kuma na kanti an rage masa man koko don ya tsaya da siffarsa a cikin oben, na gida kuwa ya fi saurin narkewa. Maganin haka shi ne ku sa ƙwayoyin a firiza na rabin sa'a kafin ku zuba su a kwaɓin, a ganina ma ɗanɗanon wanda ya ɗan narke a cikin biskit ya fi daɗi. Sauran ku adana su a kwalba mai murfi, a wuri mai sanyi, nesa da hitar ɗaki a lokacin hunturu, kuma nesa da daddawa da yaji, domin cakulan yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. Idan kun ga fari-fari ya fito masa, man ne ko sukarin ya taso sama, ba ruɓewa ya yi ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci idan za a kai biskit ɗin makaranta ko gidan maƙwabta. A waɗannan ƙasashe akwai yara da yawa da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har ɗan ɓurɓushinta yana iya toshe musu numfashi a kai su asibiti, mu kuwa kicin ɗinmu ba ya rabo da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yajin tsire. Ku ware kwano da rariya da cokalin da ba sa taɓa gyaɗa, ku karanta ledar garin koko ku ga ko an yi gargaɗin cewa an sarrafa shi a wurin da ake sarrafa gyaɗa, sannan ku rubuta duk abin da kuka sa a takarda ku manna a jikin mazubin. Wasu makarantun ma ba sa karɓar abincin gida sam, sai wanda aka sayo a rufe daga kanti, don haka ku tambayi ofishin makarantar kafin ku fara aikin.