Hutu a Ayia Napa: kurakuran da baƙi suka fi yi, da gyaransu

Ayia Napa gari ne na bakin teku a kudu maso gabashin Kubrus, tsibirin Bahar Rum da ake rubuta wa Cyprus a tikitin jirgi. Kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan tafiya tun a gida ake yin sa, wajen yankan tikiti.

Tsibirin a rabe yake tun 1974. Kudu ita ce Jamhuriyar Kubrus, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuɗinta yuro. Arewa tana hannun Turkawan tsibirin, lira ake kashewa, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa. Mutanenmu arewar suka fi sani saboda ɗaliban da ke karatu a Girne da Famagusta, shi ya sa in ka ce wa mai sayar da tikiti "Cyprus" kawai, yana iya yanko maka ta Istanbul zuwa filin jirgin Ercan. Gwamnatin kudu ba ta ɗauki Ercan a matsayin halastacciyar ƙofar shiga ba, kuma mai fasfon Najeriya da ya sauka can ana iya hana shi tsallakawa kudu, alhali ya riga ya biya otal. Ka duba tikitinka ka ga LCA, wato Larnaka. Daga nan zuwa Ayia Napa kamar minti 45 ne a mota. Fafos ma filin kudu ne, amma yana can yammacin tsibirin, tafiyar wajen awa 2, kuɗin tasi sai ya cinye rangwamen da ka samu a tikiti.

Babu jirgin da ke tashi daga Istanbul zuwa Larnaka. Ta Alƙahira ko Doha ko Dubai ake bi. Wanda ya zaɓi canjin jirgi a Faransa ko Jamus kuma ya sani cewa fasfon Najeriya da na Ghana suna buƙatar bizar ratse ko da ba za a fita daga filin jirgin ba. Ita kanta Kubrus bizarta ta kanta ce. Mai bizar Schengen (bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai) ta shiga biyu ko ta shiga da yawa, wadda ba ta ƙare ba, yana iya amfani da ita; ta shiga ɗaya ba ta yi. A tabbatar da wannan a ofishin jakadanci kafin a biya komai.

Sai guzuri. Kilishi, dambun nama, man shanu: dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje a jakar matafiyi. Kwastan za su karɓe, wani lokaci da tara. Yaji da garin kunu ba nama ba ne. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta. Magani mai ƙarfi a riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Lokacin zuwa ma ana kuskure shi ta fuska biyu. Yuli da Agusta garin ya cika maƙil da matasan Turai, farashi ya hau, zafi ya wuce digiri 30 ga gumi. Mutumin Sakkwato zai ce wane zafi ne bai gani ba, sai dai namu busasshe ne, wannan kuwa da damshin teku, gumin ba ya bushewa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, don haka arahar da ka gani a intanet tana da dalili. Mai iyali ya nufi ƙarshen Mayu da Yuni, ko Satumba da farkon Oktoba. Na biyun ya fi, domin teku ya sha rana duk bazara, ruwan da ɗumi.

Kada ka kama ɗaki don an ce "a tsakiyar gari yake". Dandalin da ke gefen tsohon gidan ibadar Kiristoci na garin shi ne matattarar mashaya da gidajen rawa, kiɗa har asuba. Wanda ke son barci ya nemi wajen gaɓar tekun Makronissos, ko ma garin Protaras da ke maƙwabtaka, inda bas mai lamba 101 da 102 ke kai da kawowa. Ka buɗe taswira ka auna nisan otal da ruwa da idonka, kalmar "kusa da teku" ba ta da ma'auni.

A bakin ruwa, baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da hanci da ƙeya. A shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama minti 20 kafin fita, a sake bayan awa 2 da kuma bayan kowace fitowa daga ruwa. Jar tuta na nufin kada a shiga. Gaɓar tekun Nissi ruwanta marar zurfi ne har nesa, shi ya sa ta dace da yara, amma da rana a tsakiyar bazara akwai kiɗa da cunkoso. A je da hantsi. Wanda iyakar iyonsa kududdufi ne kada ya bi sahun masu tsalle daga duwatsun kogon Kavo Greko. Akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwan, babu mai ceto a wurin, kuma an sha rasa rayuka. Takalmin roba na shiga ruwa yana kare ƙafa daga wata halitta mai ƙaya da ke maƙale a jikin dutse. Lambar gaggawa 112 ce.

Abinci ne inda Musulmi ya fi yin tuntuɓe, don sunayen ba sa faɗa maka komai. Souvlaki ya yi kama da tsire, amma galibi alade ne sai in ka nemi na kaza, shi ma sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasa su. Sheftalia, lountza da loukaniko duk alade ne. Afelia alade ne da aka dafa da giya. Kleftiko naman rago ne, sai dai yankan ba lallai na Musulmi ba ne. Mafita mai sauƙi ita ce meze na kifi, da gasasshen cukun halloumi, da wake da ganye. Meze ƙananan faranti ne da ke ta zuwa, har kusan 20, ana biya bisa kan mutum. Kada ka cika ciki da burodi a faranti biyar na farko, manyan suna baya.

Alƙibla ba gabas take ba. Daga Ayia Napa kudu ake fuskanta, a ɗan karkata gabas, wajen digiri 158. Juma'a sai a shirya zuwa Larnaka, babban masallacin da ke kusa da tsohuwar ganuwar bakin teku. Mutane da yawa suna komawa gida ba su san cewa masallacin Hala Sultan Tekke, inda ake danganta kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, yana gefen tafkin gishiri, 'yan mintuna daga filin jirgin da suka sauka ba.

Tuƙi ta hannun hagu ake yi. A shataletale dama za ka duba, haka nan wajen tsallaka titi da ƙafa. Motocin da ake ba baƙi haya su tuƙa da kansu jar lamba gare su. Ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane kafin ka tayar, ka tambayi nawa za ka biya daga aljihunka in an yi karo. Inshorar kudu ba ta aiki a arewa: mai son ganin Famagusta ta mashigar Deryneia sai ya sayi wata a nan kan iyaka, kuma kamfanonin haya da yawa sun hana kai motarsu can sam. Babur mai taya huɗu da ake haya a kowace kwana yana saurin kifewa a kwana, inshorar tafiya kuma sau da yawa ba ta ɗaukar raunin da aka ji a kansa.

In na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka yuro ko dala, zaɓi yuro. Canjin da take yi maka da kanta ya fi na bankinka tsada. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, amma wanda ya taso daga Nijar ko Chadi ko Kamaru ya taho da mahaɗi.